Kala ce ko Jewar Ungulu? Tsokaci a kan Masu Farautar Asusun Caca

A birnin Las Vegas na jihar Nevada ta Amurka, inda doka ta halatta caca tun shekarar 1931, akwai wasu mutane da sana'arsu ita ce yawo. Sukan shiga gidan caca da sassafe ko da tsakar dare, su bi layin injunan caca ɗaya bayan ɗaya, hannu a aljihu, ba su taɓa ko guda. Abin da suke dubawa wata lamba ce da ke haskawa a goshin kowane inji. In lambar ba ta yi musu ba, su wuce, su fita su shiga gida na gaba. Amma ran da ɗayansu ya tarar da lambar ta kai inda yake so, sai ka ga ya ja kujera ya zauna, ba zai tashi ba sai ya kwashe abin da ke ciki. In kuwa ya iske wani a kan kujerar, sai ya nemi wuri daga gefe ya rakuɓe, yana jiran kuɗin wancan su ƙare. Sauran 'yan caca sun yi wa irin waɗannan mutane laƙabi da ungulaye. Su kuwa suna kiran kansu masu wasa da rinjaye, watau waɗanda ba su zuba kuɗi sai lissafi ya nuna riba tana wajensu.

Ba mu ɗauko wannan zance don mu nuna wa kowa hanyar gidan caca ba, gama hukuncinta a addini da al'ada sananne ne ga mai karatu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne da'awar da mutumin nan yake yi. Cewa yake shi ba ɗan caca ba ne, domin ɗan caca sa'a yake nema, shi kuwa lissafi yake bi. Bai taɓa injin da waya ko maganaɗisu ba, bai haɗa baki da ma'aikaci ba, bai karya doka ko ɗaya ba. Lambar da ya karanta a fili take, kowa yana ganinta. Abin da wani ya tashi ya bari shi ya ɗauka. To, in duk wannan gaskiya ne, kuma gaskiyar ce, me ya sa zuciya ba ta kwanta da sana'ar ba? Ko dai hassada ce kawai, irin wadda akan yi wa mai wayo? Duk inda mai sani da marar sani suka haɗu a kan dukiya za a sami wannan tambaya, sai dai a gaban injin nan ta fito tsirara, har ana iya auna ta da alƙaluma.

Sai mun fara sanin injin kafin mu yi wa mai jiransa hukunci. Asalinsa akwati ne na ƙarfe mai faya-fayai uku, wanda wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera a San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19. Ka jefa kwabo, ka ja hannu, faya-fayan su juya su tsaya. In hotunan da ke jikinsu suka yi daidai, ka ci. A shekarar 1984 aka ba Inge Telnaes takardar mallakar wata dabara da ta mai da zaɓen ga kwamfuta: ita ke fid da lamba a ɓoye, faya-fayan kuwa su zama abin nuni kawai. A 1986 kamfanin IGT ya fito da Megabucks, wanda ya haɗa injuna masu yawa a gidaje dabam-dabam na Nevada suna tara kuɗi wuri ɗaya, kowa ya zuba a ɗebi kaɗan a ƙara. Mu kira wannan tarin kuɗi asusu, tun da haka yake: ana jefa masa kaɗan-kaɗan, ran da ya fashe mutum ɗaya ya kwashe. A watan Maris na 2003 asusun Megabucks ya fashe a gidan cacar Excalibur a kan dala miliyan 39.7.

Irin wannan babban asusu ba shi da ranar fashewa. Injin ba ya tuna jiya. Wanda ya danna sau dubu ya faɗi, da wanda ya shigo yanzun nan, damarsu ɗaya ce a dannawa ta gaba. Amma akwai wani ƙaramin iri, wanda shi ne abin farautar ungulaye. A goshinsa an rubuta cewa lalle ne asusun ya fashe kafin ya wuce kaza, a ce dala 500. Duk lokacin da aka cinye shi, sai mitar da ke nuna yawan kuɗin ta koma ƙasa, a ce dala 250, kwamfuta kuma ta zaɓi wata lamba a asirce tsakanin 250 da 500. Mita ta riƙa hawa da kuɗin masu wasa, duk wanda zubinsa ya tura ta ta kai lambar nan ta ɓoye, shi ya ci. Ka ga wannan inji yana riƙe da jiya: abin da mutanen da suka gabata suka zuba yana nan a rubuce a goshinsa, kowace dannawa kuma tana matso da fashewar.

Bari mu ƙaddara misali da alƙaluma namu na kanmu, don a ga yadda lissafin yake, domin kowane inji da nasa ma'auni. A ce sai an zuba dala 200 mita take hawa da dala 1. A ce kuma, in aka ware batun asusu, injin yana riƙe dala 10 cikin kowace 100 da ta ratsa shi, ya mayar da 90 a matsayin ƙananan ci. Zubi a nan ba kuɗin aljihu kaɗai yake nufi ba. Abin da mutum ya ci ya sake mayarwa shi ma zubi ne, shi ya sa mai dala 300 zai iya zuba dubbai kafin ya tashi. To, mutum ya tarar da mita a kan 490. Saura dala 10 ta kai iyaka, lambar ɓoye kuwa tana iya kasancewa ko'ina a cikin goman nan, saboda haka a tsaka-tsaki hawan dala 5 ake bukata. Hawan dala 5 zubin dala 1,000 ke nan, wanda injin zai cinye 100 daga ciki. Ya yi asarar 100 ya ɗauki 495, riba ta kama 395. Amma a ce a 400 ya tarar da ita. Ido zai ce ai ta kusa. Lissafi kuwa ya ce saura hawan 50 a tsaka-tsaki, watau zubin dala 10,000, asarar 1,000 don a ci 450. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Layin da ya raba riba da asara a wannan misali yana wajen 452. Ƙasa da shi, kowa ya zauna na mai gida ne. Sama da shi, kujerar kanta ta zama kadara. Ilmin ungulu gaba ɗaya ke nan: ya san inda layin yake, yana da jarin da zai jure tangal-tangal ɗin sa'a har asusun ya fashe, yana kuma da haƙurin da zai hana shi zama a 440.

Wannan irin lissafi ba sabo ba ne, kuma abin sha'awa, tambayar adalci ce ta haife shi. A shekarar 1654 masana biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan wata tsohuwar matsala ta 'yan caca: in wasa ya katse kafin a gama, yaya za a raba kuɗin da aka ajiye? Misalin da Pascal ya kawo shi ne mutum biyu, kowa ya ajiye tsabar zinariya 32, a kan cewa wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe 64. Ɗaya ya ci biyu, ɗaya ya ci guda, sai aka tashi. Pascal ya ce a duba wasan da zai biyo baya da ba a tashi ba. In mai biyu ya ci, 64 nasa ne. In ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa 32. Ashe 32 sun tabbata gare shi ko ta yaya, sauran 32 kuwa a raba biyu, ya tashi da 48, abokinsa da 16. Daga wannan musaya aka kafa tushen ilmin ƙiyasta yiwuwar aukuwar abu, wanda kamfanonin inshora suke cin abinci da shi. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, wasan da bai ƙare ba yana da daraja, wanda ya tashi a tsakiya kuma yana da rabo.

Yanzu mu koma ɗakin caca. Mu ƙaddara wata dattijuwa ta zauna a inji tun la'asar, mita tana 470, ta yi ta zubawa har ta kai 490, jakarta ta ƙare, ta miƙe. Bisa ma'auninmu zubin dala 4,000 ta yi, ta bar kimanin 400 a ciki. Da Pascal ne alƙali, da ya ce kujerar da ta tashi ta bari darajarta kusan dala 395 ce. Injin bai ba ta ko sisi a kan wannan ba. Kafin kujerar ta huce, mutumin da ya rakuɓe a bayanta ya haye.

Dole mu yi masa adalci a nan, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Ba sata ya yi ba. Kowace dala da dattijuwar ta zuba ta sayi abin da aka yi mata alkawari, watau damar tura mita zuwa lambar ɓoye, an kuwa ba ta damar, dacewa ce ba ta yi ba. Ba wanda ya yi yarjejeniya da ita cewa abin da ta ƙara a asusu ajiya ce. 'Yan wasan Pascal tare suka tashi da yardar juna. Ita kuwa ita kaɗai ta tashi, wasan bai tsaya ba. In ungulu bai zauna ba, wani zai zauna. Har ma yakan jingina kansa da Edward Thorp, malamin lissafin nan wanda littafinsa na 1962, Beat the Dealer, ya nuna yadda mai lura da katunan da suka riga suka fita a wasan karta na ashirin da ɗaya zai iya juyo da rinjaye wajensa. Gidajen caca sun tsani masu wannan ƙidaya, suna korarsu, har Ken Uston ya kai ƙara, kotun ƙoli ta jihar New Jersey ta yanke a 1982 cewa gidajen Atlantic City ba su da ikon korar mai ƙidaya bisa ra'ayin kansu. Mutane da yawa suna kallon irin su Thorp a matsayin ƙananan da suka ka da babba da ƙwaƙwalwa kawai. Ungulu yana so a sa shi a wannan layi.

A nan ne muka rabu da shi. Mai ƙidayar kati da mai gida suke fafatawa. Duk dalar da ya ci daga akwatin mai gida ta fito, na kusa da shi a tebur bai rasa kome ba. Asusu mai iyaka ba haka yake ba. Tun ran da aka ƙera injin an riga an ware kuɗin asusu, dole mai gida ya biya shi, ko ma ga wa. In dattijuwa ta ci, 495 zai biya. In ungulu ya ci, 495 ɗin ce dai. Dokar Nevada ta wajabta kada abin da inji ke mayar wa masu wasa ya gaza kashi 75 cikin 100, amma ba ta tambayi aljihun da zai shiga ba. Saboda haka ribar ungulu ba ta rage kason mai gida ba, daga rabon sauran masu wasa aka yanko ta. A misalinmu, kusan ɗaya cikin kowane asusu biyar yakan wuce 452 bai fashe ba, su ne kuwa mafi tsoka. In ungulaye suka kame dukan waɗannan, an bar wa jama'a injin a lokacin da yake ci, an karɓe shi a lokacin da yake bayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana iya ce mana, ai ko dattijuwar ce ta ci, injin za ta mayar wa kuɗin kafin gari ya waye, don haka a ƙarshe mai gida ne ya yi rashi da ungulu ya fita da su. Akwai gaskiya a ciki, yana ma cikin dalilan da ke sa wasu gidajen suna korar ungulaye in sun gane su. Amma a saurari abin da hujjar take cewa da kyau. Cewa take, ba laifi in ɗauki rabon wannan mata tun da na san ba za ta iya riƙe shi ba. Da irin wannan hujja ce mai sayen gonar gado a hannun ɗan da ya lalace yake lallashin zuciyarsa.

Akwai kalma a harshenmu da ungulu zai so ya fake da ita, da ya san ta, watau kala. Bayan an cire gyaɗa ko an girbe dawa, mata da yara da almajirai sukan shiga gona su tsinci abin da ya saura, ba mai ce musu ɓarayi. Mai gona ma, in mutumin kirki ne, ba ya tsananta tsincewa, don dai su samu. Ashe al'ada ta yarda mutum ya ci abin da wani ya shuka ya bari. Amma mu dubi abin da ya sa kala ta zama halal a idon jama'a. Mai gona ya riga ya kai amfaninsa rumbu. Abin da ya bari rara ce, ya kuma san ya bari. Mai kala ya fi mai gona talauci. Daɗa babu mai kalar da ke tsayawa a bakin gona tun damina yana fatan manomi ya kwanta ciwo ana saura mako guda girbi. A ɗakin caca al'amarin ya juye kaf. Mai tashi hannu wofi ta tashi, abin da ta bari shi ne damin gaba ɗaya, ba ta kuwa san ta bar shi ba. Mai ɗauka ya fi ta sani, ya fi ta jari. Kala daga mai shi take gangarowa zuwa marar shi. Wannan kuwa hawa take yi.

To ko laifinsa shirun da ya yi ne? Tsohuwar muhawara ce. Cicero, masanin Romawa, a littafin da ya rubuta wa ɗansa a kan wajiban mutum shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo labarin falken da ya ɗauko hatsi daga Iskandariya ya isa tsibirin Rodas ana yunwa, alhali ya san wasu jiragen hatsi suna biye da shi. Ya faɗa wa mutanen gari farashi ya faɗi, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Diogenes na Babila yana ganin shiru ba yaudara ba ce. Almajirinsa Antipater yana ganin ɗan'adam ba ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da rashin saninsa zai cuce shi. Cicero kansa na biyun ya goyi baya. Malaman fiƙihu ma sun san mas'alar, inda aka hana tarbar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su ji farashin kasuwa. Wannan hani ya yi daidai da ungulun da zai gaji da jira ya taya kujerar, ya miƙa wa dattijuwa dala 50 don ta tashi, ita tana ganin ta tsinci banza, shi kuwa ya san abin dala 395 ya saya.

Amma wanda ya tsaya kurum fa, bai taya ba, bai ce uffan ba? Mu ƙaddara tausayi ya kama shi, ya matsa kusa ya ce, "Baiwar Allah, kada ki tashi, saura ƙiris ya fashe." Alheri ya yi mata? Jakarta fa ta riga ta ƙare. Abin da maganarsa za ta haifar shi ne ta nufi na'urar cirar kuɗi da ke nan cikin ɗakin, ta ciro kuɗin haya ko na magani, ta dawo. Wataƙila ta ci. Wataƙila kuma sa'a ta juya mata baya, kuɗin su sake ƙarewa mita tana 497, domin tsaka-tsakin nan da muke lissafawa na mai jari ne wanda zai yi wasan sau ɗari, bai san da mai dala 200 da dare ɗaya ba. In ma ta ci, ya koya mata darasi mafi muni da za a koya wa mai wannan ciwo, cewa naci yana biya. In ya yi shiru ya ci da rashin saninta, in ya yi magana ya ƙara tura ta rami. Mu a ganinmu, in mutum ya sami kansa a wurin da shiru da magana duka cuta ne, kada a tsaya neman laifin a bakinsa. A tambayi ƙafarsa, wadda ta kai shi wurin, take kuma mai da shi kowace safiya.

Su wa ma suke cika asusun? Natasha Dow Schüll, masaniyar halayyar al'umma wadda ta shafe shekaru tana bincike a Las Vegas, ta fitar da littafinta Addiction by Design a 2012. Abin da masu wasan da suka kamu suka riƙa gaya mata shi ne, sun daɗe da daina wasa don su ci. Wani hali na shagala suke nema, inda lokaci da bashi da damuwar gida suke gushewa muddin yatsa yana dannawa. Ta kuma nuna yadda ake tsara kujera da haske da sauti da saurin wasa don a tsawaita zaman mutum a gaban inji. Ba duk mai wasa ne ya kamu ba; akwai baƙon da ya ware dala 50 don nishaɗi, ya kashe ya tafi. Amma mitar da ke bukatar zubin dala 48,000 kafin ta tashi daga 250 zuwa 490, da wuya a ce da hamsin-hamsin ɗin baƙi kaɗai take hawa.

Kowace sana'a tana da addu'arta. Manomi ruwa yake roƙo, falke hanya lafiya. Likita ma, in na kirki ne, warakar majinyaci yake fata, ko da yake ciwo ne ke kawo masa abinci. Mece ce addu'ar mutumin da ya tsaya a bayan dattijuwa? Kada ta ci. Kada kuma ta tashi da wuri, ta dai ƙara tura mitar. Sa'an nan kuɗinta su ƙare daidai lokacin da ya dace da shi. Ba sai ya zama mugu zai yi wannan fata ba, lissafinsa ne ya ɗora masa. Ba mu kuwa tsammanin mutum zai yi fata iri ɗaya sau goma a rana, shekara da shekaru, ya bar zuciyarsa yadda ya same ta.

Saura da'awarsa ta farko, cewa shi ba ɗan caca ba ne. Gaskiya ne falke ma yana kasada, yana kuma cin riba da sanin da wasu ba su da shi. Amma falken Cicero, duk da shirunsa, hatsi ya kawo garin da ake yunwa. Bayan tafiyarsa an ci an ƙoshi. Ɗakin caca ba ya haifar da ƙwayar hatsi ɗaya. Kuɗin da suka fita su ne suka shiga, bayan an cire kason mai gida. Rinjayen da lissafi ya ba mutum ɗaya bai canja abin da ake yi a ɗakin ba, wurin zama kawai ya sauya masa: ya bar layin waɗanda ake ci, ya koma gefen mai gida. Mun yarda ba ɗan caca ba ne. Ai mai gida ma ba ya caca, lissafi yake bi.

Kada fa mu manta da babban gardin. A zagayen da muka lissafa, jama'a sun bar dala 4,800 a injin kafin mita ta kai 490, ungulu ya ƙara 100, aka biya 495. Ungulu ya tashi da 395, mai gida da fiye da 4,400. Shi ya kafa injin da aka rubuta iyakar a goshinsa da manyan haruffa, don mai ganin 400 ya ce ta kusa ya zauna. Ungulu dai a mahauta ake ganinta, ba kuwa ita ta yi yankan ba.

Gaba kuma da gabanta. Dukan lissafin nan ya dogara ne a kan zaton cewa kwamfuta tana zaɓen lambar ɓoye ba tare da ta fifita wani wuri ba. Masu bin diddigin injunan sun lura cewa wasu samfuran ba haka suke ba, an karkatar da su yadda asusun ba ya cika fashewa sai dab da iyaka. Ungulun da ya zauna a 460 yana tsammanin zubin dala 4,000 da ribar 80, in injin irin wannan ne, sai ya zuba kusan 8,000, ya yi asarar 800 don ya ɗauki abin da bai wuce 500 ba. Rubutun goshin bai yi ƙarya ba: an ce ba zai wuce 500 ba, bai kuwa wuce ba. Wanda ya ƙera injin ya san abin da ungulu bai sani ba, ya kuma yi shiru, irin shirun da Diogenes ya ce ba yaudara ba ne. In jarin ungulun ya ƙare mita tana 495, dole ya miƙe, akwai kuwa wani a rakuɓe a bayansa.